Gambiya ta kai Myanmar kotu, saura Jammeh

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wata ƙasa da ba kasafai take shiga shafin labaran ƙetare ba, sai fa in jirgin ruwa ya kife da matasanta a hanyar Turai. Ƙasar ita ce Gambiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sharhi, wai ƙaramar ƙasa ba ta da manufar harkokin waje, nata dai ta dubi inda manya suka sa gaba ta bi. Ni ban yarda da wannan ba, kuma Gambiya ce hujjata.

Faɗin ƙasar bai wuce murabba'in kilomita 11,300 ba, mutanenta kuwa kimanin miliyan biyu da rabi ne. Jihohin Najeriya da yawa sun fi ta faɗi, sun fi ta jama'a. Wanda ya duba taswira zai ga tsiri ce ta ƙasa da ta bi gaɓar kogi, Senegal ta kewaye ta gabas da kudu da arewa, sai ɗan bakin teku ta yamma, tana zaune kamar harshe a cikin baki. Ba ta haƙo mai. Abin dogaronta gyaɗa ne da kifi da baƙi masu yawon buɗe ido, sai kuɗin da 'ya'yanta ke aikowa daga ƙasashen waje.

To wannan ƙasar ce a ranar 11 ga Nuwamba 2019 ta shigar da ƙarar Myanmar a Kotun Duniya da ke Hague, tana zarginta da kisan ƙare dangi a kan Musulmin Rohingya. Tun daga watan Agustan 2017 sojojin Myanmar suka yi ta ƙona ƙauyuka a jihar Rakhine, ana kisa ana fyaɗe, har mutum fiye da 700,000 suka tsallaka Bangladesh, wasu a ƙafa, wasu a kwale-kwale. Duniya ta yi ta Allah wadai, amma a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya magana ba ta zuwa ko'ina, domin China tana da kujerar na-ƙi kuma tana da hulɗa mai ƙarfi da Myanmar. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC tana da mambobi 57, cikinsu akwai masu arzikin mai da masu manyan rundunoni. Wadda ta miƙe ta je kotu ita ce mafi ƙanƙanta a doron ƙasar Afirka.

Abin ya faro ne daga mutum guda. Abubacarr Tambadou, ministan shari'ar Gambiya na wancan lokaci, ya yi shekaru yana aikin gabatar da ƙara a kotun da ta hukunta masu kisan ƙare dangin Ruwanda a Arusha. A watan Mayun 2018 ya je Bangladesh taron ministocin harkokin waje na OIC, aka kai baƙi sansanonin Cox's Bazar. Ya zauna da 'yan gudun hijira ya saurare su, ya kuma ce abin da ya ji ya tuna masa da Ruwanda. Wani zai dawo gida ya rubuta rahoto a ajiye a durowa. Shi ya dawo ya shawo kan gwamnatinsa, ya shawo kan OIC ta mara musu baya, aka ɗauki lauyoyi, aka haɗa takardu.

Ina so mai karatu ya tsaya ya dubi zaman da aka yi a watan Disambar 2019. A gefe ɗaya na zauren kotu ga Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin Myanmar ta wancan lokaci, mai lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, wadda sojojin ƙasarta suka yi wa ɗaurin talala na shekara da shekaru, ta taso takanas ta Kano don ta kare waɗannan sojojin. A ɗaya gefen ga ministan wata ƙasa da yawancin mutanen Myanmar ba su taɓa jin sunanta ba. Tana zaune, lauyoyin Gambiya suna karanto shaidar matan da aka ci zarafinsu da iyayen da aka kashe wa 'ya'ya a gaban idonsu. Ranar 23 ga Janairun 2020 alƙalan kotun, ba tare da ko ɗaya ya saɓa ba, suka umarci Myanmar ta kare Rohingya daga kisan ƙare dangi, kada ta ɓatar da hujjoji, ta kuma riƙa kawo rahoto. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Myanmar ta yi ƙoƙarin kashe shari'ar tun daga tushe. Ta ce Gambiya 'yar aike ce kawai ta OIC, kuma ina ruwan ƙasar da ke Afirka ta Yamma da abin da ya faru a Rakhine, alhali ba ɗan ƙasarta ko ɗaya da aka taɓa? Ranar 22 ga Yulin 2022 kotu ta yi watsi da wannan. Ta ce duk ƙasar da ta sa hannu a yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948 tana da hurumin kai ƙarar wata da ta karya ta, ko abin ya shafe ta kai tsaye ko bai shafe ta ba. A ganina wannan hukunci ya fi komai nauyi a cikin lamarin, domin a kan wannan turbar Afirka ta Kudu ta bi ta shigar da ƙarar Isra'ila a kan Gaza a watan Disambar 2023. Duk wanda ya ji sanyi a ransa ranar da ya ga lauyoyin Afirka ta Kudu a Hague, to ya sani Gambiya ce ta share musu hanya.

Na san za a ce, to me ya canja? Rohingya wajen miliyan guda suna nan a sansani, sojojin Myanmar sun ƙwace mulki a Fabrairun 2021 sun ɗaure ita Suu Kyi ɗin, kotun kuma ba ta da ɗan sanda. Duk gaskiya ne, kuma abin yana ci mini rai. Amma kafin 2019 Myanmar tana musanta komai ne a gaban 'yan jarida. Yanzu dole ta amsa a gaban alƙalai, a rubuce, da shaidu. Ga mutanen da dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta mayar marasa ƙasa, a tsaya a kira sunansu a babbar kotun duniya ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa ƙaramar ce ta iya? Ita Bangladesh da abin ya fi shafa, lokacin da ta shiga yarjejeniyar ta gindaya sharaɗi a kan sashen da ya ba Kotun Duniya hurumi, saboda haka hannunta a ɗaure yake. Manyan kuwa kowacce tana lissafin ciniki da makamai da abin da China za ta ce, wasu kuma suna tsoron a waiwayo a dubi tasu ɓarnar. Gambiya ba ta da wani ciniki da Myanmar da za ta yi asara. Ƙanƙantar da ake raina ta da ita, ita ce ta ba ta sukunin magana.

Kuma ba dare ɗaya Allah ya yi bature ba. Shugaban ƙasar na farko, Dawda Jawara, likitan dabbobi ne, ya karɓi ƙasar daga hannun Ingila a 1965 ana ta shakkar ko za ta rayu. Ya gane tun da wuri cewa ƙasar da ba ta da igwa, sunanta ne garkuwarta. A zamanin da Idi Amin da Bokassa da Macias Nguema suka zubar wa nahiyar nan da mutunci, Banjul, babban birnin Gambiya, ita ce ta karɓi tarukan rubuta Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'umma. An amince da ita a Nairobi a 1981, ta fara aiki a 1986, har yau ana ce mata Yarjejeniyar Banjul, kuma hukumar da ke kula da ita a can take zaune. A Banjul ɗin ne kuma, cikin Agustan 1990, Jawara yana shugabancin ECOWAS, aka yanke shawarar kafa rundunar ECOMOG don shiga Laberiya. Najeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin kuɗi da jini, wannan kowa ya sani, amma Gambiya ma ta aika nata sojojin gwargwadon ƙarfinta.

Sai dai sunan kirki bai hana ta dogaro da maƙwabciya ba. A Yulin 1981 Jawara yana Landan wajen bikin auren gidan sarauta, Kukoi Samba Sanyang ya yi yunƙurin juyin mulki. Sojojin Senegal ne suka mayar da shi kan kujera, bayan an yi asarar ɗaruruwan rayuka. Ladan wannan taimako shi ne tarayyar Senegambiya da aka ƙulla a 1982, ta watse a 1989, domin Dakar tana son a haɗe sosai, Banjul kuwa tana tsoron a haɗiye ta. Wannan tsoro shi ne ƙashin bayan duk wata hulɗar Gambiya da waje har gobe.

Daga nan sai Yahya Jammeh, wanda ya ƙwace mulki ranar 22 ga Yulin 1994 yana ƙaramin hafsa. Shi ya gwada wata hanya dabam, ta ɗaga murya da fice-fice. Ya fitar da ƙasar daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 2013, ya ayyana ta Jamhuriyar Musulunci a 2015, a 2016 ya ce zai fice daga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, alhali babbar mai gabatar da ƙara ta kotun, Fatou Bensouda, 'yar ƙasarsa ce kuma tsohuwar ministarsa. Akwai 'yan'uwanmu da yawa da suka riƙa yaba masa, suna ganin namiji ne da ya tsaya wa Turawa, ga farar babbar riga, ga tasbaha da Alƙur'ani a hannu. Ina roƙon su dubi abin da ke bayan rigar. A Afrilun 2000 jami'an tsaronsa suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga, aka kashe 14. A Disambar 2004 aka harbe ɗan jarida Deyda Hydara yana tuƙa motarsa zuwa gida da daddare. A Agustan 2012 ya sa aka kashe fursunoni tara. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka tana zaune a ƙasar, gidan yarin Mile 2 kuma yana cike da mutanen da ba a taɓa kai su gaban alƙali ba. Kotun ECOWAS da ke Abuja ta yanke hukunci a kan ɓacewar ɗan jarida Ebrima Manneh a 2008, da azabtar da Musa Saidykhan a 2010, da kisan Hydara a 2014. Ko ɗaya bai bi ba.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne na Yulin 2005. Matafiya 'yan Afirka ta Yamma fiye da 50, masu neman hanyar Turai, suka sauka a gaɓar Gambiya. Kimanin 44 'yan Ghana ne, akwai 'yan Najeriya, akwai na Togo da Senegal da wasu ƙasashe. Aka kama su bisa zaton sojojin haya ne da suka zo kifar da gwamnati. Aka ɗaure su da igiya da waya, aka riƙa kwasar su rukuni-rukuni a bayan a-kori-kura cikin dare, ana kai su daji ana harbewa. Wani ɗan Ghana ya samu ya kwance ɗaurinsa ya diro daga mota ya faɗa duhun daji, ana harbi a bayansa, Allah ya yi da sauran kwanansa. Shi ya koma gida ya bi iyalan mamatan yana faɗa musu. A 2019 'yan rundunar kisa ta Jammeh, waɗanda ake kira Junglers, suka zauna gaban hukumar bincike, ana watsawa kai tsaye a talabijin, suka faɗa da bakinsu cewa su suka yi, kuma umarni daga sama ya zo.

Da maƙwabta ma ba ta canja zani ba. Senegal ta daɗe tana zargin Jammeh da ɗaure wa 'yan tawayen yankinta na Casamance gindi, ana fasa-ƙwaurin katakon dajin yankin ta tashar Banjul. A farkon 2016 ya ninka kuɗin fiton manyan motocin Senegal a mashigar kogi ninki ɗari, direbobin Senegal suka toshe iyaka wata da watanni, kaya suka yi tsada, talakan Gambiya ya sha wuya. Ƙasar da ke kewaye da maƙwabciya ɗaya tilo ba ta da halin irin wannan wasa.

'Yan Gambiya da kansu suka kawo ƙarshen abin. A can ba a dangwala takarda. Ana ba mai zaɓe ɗan dutsen gilashi guda, ya shiga bayan labule ya jefa a cikin gangar ɗan takararsa, ƙararrawa ta kaɗa sau ɗaya don jami'ai su san bai jefa biyu ba. Da waɗannan duwatsu suka kayar da Jammeh ranar 1 ga Disambar 2016. Ya amince, ya kira Adama Barrow ya taya shi murna, bayan mako guda ya ce ya fasa. Shugabannin ECOWAS suka yi ta zarya, shugaba Muhammadu Buhari ya je Banjul har sau biyu. Da lallami ya ƙi, aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar ranar 19 ga Janairun 2017, Kwamitin Sulhu ya mara masa baya, sojojin Senegal da Najeriya da Ghana suka ɗaura ɗamara. Bayan kwana biyu Jammeh ya hau jirgi zuwa Ikwatoriyal Gini, shugabannin Gini da Muritaniya ne suka yi masa shimfiɗar fita. Ba a yi yaƙi ba.

Na sha jin ana cewa ECOWAS ta iya Gambiya ne don ƙarama ce, da aka zo kan Nijar a 2023 ai barazana ta tsaya a baki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Amma a Gambiya akwai sakamakon zaɓe a hannu, akwai wanda ya ci, jama'a suna bayansa, sojojin ƙasar kuma suka ƙi mutuwa don mutum ɗaya. ECOWAS ta tura ƙofar da mutanen gida suka riga suka zare wa sakata.

Barrow ya mayar da ƙasar cikin jama'a da sauri. Ya soke ficewa daga kotun manyan laifuka a 2017, ya koma ƙungiyar renon Ingila a 2018, ya dakatar da zartar da hukuncin kisa. A Janairun 2019 aka buɗe gadar Senegambiya kusa da Farafenni, inda a da direbobi kan kwana da kwanaki a layi suna jiran jirgin fito. Ɗan Gambiya, Omar Alieu Touray, ya zama shugaban hukumar ECOWAS a 2022, Banjul kuma ta karɓi taron ƙolin OIC a Mayun 2024. Duk wannan abin a yaba ne. Abin da bai kwanta mini ba shi ne sojojin ECOWAS da suka zo na ɗan lokaci suka shekara da shekaru, ana ta sabunta musu wa'adi, gyaran rundunar ƙasar kuwa yana tafiyar hawainiya. A 2022 faɗan Senegal da 'yan tawayen Casamance ya watso cikin yankin Foni na Gambiya, dubban mutane suka bar gidajensu. Ƙasar da tsaron fadar shugabanta ke hannun maƙwabciya, yaya za ta buɗe baki ta ce wa maƙwabciyar ta yi a hankali?

Yanzu ga inda zuciyata take. Hukumar gaskiya da sasantawa da biyan diyya ta fara sauraron shaidu a Janairun 2019, ta miƙa rahoto a Nuwamban 2021. Ta gano cewa aƙalla mutum 240 jami'an gwamnati suka kashe a zamanin Jammeh, ta ce a gurfanar da shi da muƙarrabansa. Wata hukumar ta gano ya kwashe aƙalla dala miliyan 362. A Mayun 2022 gwamnati ta ce ta karɓi kusan dukkan shawarwarin. An yi wasu shari'o'i a cikin gida, ba zan tauye musu ba: an hukunta Yankuba Touray a 2021 kan kisan ministan kuɗi Ousman Koro Ceesay, an hukunta tsofaffin shugabannin hukumar leƙen asiri a 2022 kan mutuwar ɗan adawa Solo Sandeng. Amma manyan shari'o'in da suka biyo baya a ƙasashen wasu aka yi su. Jamus ta yi wa Bai Lowe, direban Junglers, ɗaurin rai da rai a Nuwamban 2023. Siwizalan ta ɗaure tsohon ministan cikin gida Ousman Sonko shekara 20 a Mayun 2024. Wata kotu a Denver ta Amurka ta samu Michael Correa da laifin azabtarwa a Afrilun 2025. Shi kuwa uban gayyar yana zaune lafiya, yana aiko wa magoya bayansa saƙon murya. Kafin zaɓen 2021 jam'iyyar Barrow ta ƙulla ƙawance da wani ɓangare na jam'iyyar Jammeh, iyalan waɗanda aka kashe suna kallo.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba na fatan a yi wa Gambiya wannan gori, domin abin da ta yi wa Rohingya alheri ne tsantsa kuma ya cancanci a tsaya mata a kansa. Amma ƙasar da ba ta da jari sai mutuncinta, duk shekarar da ta wuce ba a gurfanar da Jammeh ba, jarin raguwa yake yi. Lauyan da zai kare wata azzalumar gwamnati gobe ba zai rasa abin nunawa ba.

Hanya a buɗe take. A Disambar 2024, a Abuja, shugabannin ECOWAS suka amince a kafa kotu ta musamman don laifukan zamanin Jammeh, wadda za ta haɗa alƙalan Gambiya da na waje. Kotu kuwa ba ta zama da takardar amincewa kawai, sai da kuɗi da alƙalai da masu bincike da kariya ga shaidu. An taɓa yin irinta a yankin nan: Hissène Habré na Chadi ya yi shekara fiye da ashirin yana zaune a Dakar ana cewa ba mai taɓa shi, sai ga shi a Mayun 2016 wata kotu ta musamman da Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa ta yi masa ɗaurin rai da rai. Ikwatoriyal Gini ba ta cikin ECOWAS, shugabanta Obiang kuma ya ce zai kare baƙonsa. Amma ƙasar tana cikin yarjejeniyar hana azabtarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta wajabta ko dai a gurfanar da wanda ake zargi ko a miƙa shi. Gambiya ita kaɗai ba za ta iya matsa wa Ikwatoriyal Gini ba. Najeriya da Ghana da Senegal za su iya, kuma dukkansu an kashe musu 'ya'ya a 2005.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatar harkokin wajen Najeriya da 'yan majalisarmu da ke zaune a majalisar ECOWAS su sa wannan kotu cikin abin da za su bibiya, su ba da kuɗi, su ba da alƙalai na gari. Alƙalan Najeriya sun daɗe suna aiki a kotunan Gambiya, wasu sun bar suna mai kyau, wasu kuwa a zamanin Jammeh sun bar abin da ba a son tunawa, wannan dama ce ta gyara.

Kai kuma ya Edita, ina da roƙo guda gare ka. 'Yan Ghana sun san sunayen wasu daga cikin mutanensu da aka kashe, iyalansu kuma sun haɗa kai. Mu namu ko sunayensu ba ma ji. Ka sa wakilinka ya tuntuɓi ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadancinmu da ke Banjul, a fito da sunayen 'yan Najeriya da ke cikin wannan ayari, a nemo iyalansu, a tambaye su ko akwai wanda ya taɓa zuwa ya yi musu ta'aziyya ko ya gaya musu cewa suna da haƙƙin diyya.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatunku na kullum,
daga Zariya